Ƙulli Sha Ɗaya Zuwa Dapango

Shekara ashirin da wani abu ina yi wa Wahabu Kuku aski, duk Juma'a da hantsi, a gindin mangwaron da ke bakin masallacin zangon Sokode. Sunana Issa, wanzami ne ni, ubana ma wanzami ne. Na san kan Wahabu fiye da yadda shi ya san shi, tun daga tabon bayan kunnensa na dama inda jaki ya harbe shi yana yaro, har zuwa ɗan kwarin tsakiyar kai inda aska ke son zamewa. Saboda haka in zan ba da labarinsa, kada wani ya katse ni da cewa ba haka kakarsa ta gaya masa ba. Kakarka ba ta taɓa riƙe kan mutumin nan ba.

Ubansa madugu ne, yana jan ayarin jakuna daga Mango zuwa ƙasar goro ya dawo. Da Faransa suka karɓi ƙasar nan daga hannun Jamus, mota ta fara shigowa, ayari ya mutu, tsohon ma ya bi shi. Wahabu bai gaji jaki ko ɗaya ba. Abin da ya gada shi ne tsari. Mutum ne da ba ya iya zuwa kasuwa sai ya shirya ta wace ƙofa zai shiga, ta wace zai fita, da wanda zai gaisar a tsakani. Ya shiga aikin Nasara tun daga wankin kwanuka har ya zama kukun shugaban lakwal, wato makarantar boko, wani dogon Bafaranshe da muke ce wa Mushe. Ya iya gasa biredi, ya iya irin miyar nan marar daddawa marar barkono da Nasara ke sha da cokali suna lumshe ido. Gajere ne, mai tsabta har ta yi yawa, kuma ba ya son a gyara masa magana.

Matarsa Azara 'yar arewa ce, daga Dapango, garin da yanzu kuke rubutawa Dapaong. Ubanta mahauci ne a zangon can, uwarta kuwa 'yar Moba ce daga ƙauyukan da ke kan dutse. Aure ya kawo ta Sokode, shekara goma sha biyar ba ta koma ba. Sun haifi biyu, biyun suka koma tun ba su yi wayo ba. Mace ce marar yawan magana, amma in ka taɓo mata dutsen kakanninta, to ka nemi wurin zama. Wai daji ne, babu kowa sai birai da shaho, ga tsofaffin rumbunan laka a cikin kogo inda mutanen da suke ɓuya lokacin yaƙi, ga ruwa yana zubowa ta bakin kogon. Wai in damina ta kai tsakiya, iskar wurin sai ta sa mutum ya lulluɓa da rana tsaka. Ni dai na sha gaya mata cewa arewar da na sani, da bazara ƙwai a aljihu yake dahuwa. Sai ta ce, "Ba ka hau dutsen ba, Wanzam."

Shekara biyu kafin babban yaƙin duniya na biyu, Wahabu ya zo aski da sabuwar magana. Duk damina ana rufe lakwal wata biyu da rabi, Mushe ya ɗaure akwatunansa ya tafi hutun da suke ce wa bakansi. Ba fatauci, ba ta'aziyya, tafiya ce kawai don jiki ya sha iska. Wahabu ya ce shi ma bana zai yi bakansi, zai kai Azara dutsenta su sha sanyi. Motar gishiri tana zuwa Mango duk Talata, daga can wata ta kai su Dapango, kwana biyu an isa.

Zango ya sami abin dariya. A wurinmu mutum ba ya ɗaure kaya sai da dalili. Duk wanda ya ji sai ya tambaye shi, me zai kai? Ya ce babu. Wa ya mutu? Babu. To biki ne? Ya ce sanyi za su je sha. Har liman sai da ya ja shi gefe bayan Magariba ya tambaye shi ko lafiya lau yake da matarsa.

Ni ban yi dariya ba, domin a ranar da ya gaya mini, a ranar na ji abin. Na gama gaban kai, na sunkuyar da shi don in share ƙeya, sai babban yatsana ya sauka a kan wasu ƙululai uku a jere a bayan wuyansa, masu laushi, suna gudu a ƙarƙashin fata kamar gyaɗa a cikin tsumma. Ba kaluluwar mura ba ce, ita tana ciwo in an danna. Na danna, Wahabu bai ko motsa ba, yana ta jero mini garuruwan hanya. Na taɓa irinsu a wuyan mutum huɗu, duka huɗun ciwon barci ne, uku da hannunmu muka kai su makabarta. Sai na tuna bara Mushe ya tafi da shi farauta kogin Mo, kwana goma a kurmi, ya dawo yana ƙorafin cizon ƙudan tsando. Na tuna kuma Juma'a biyu da suka wuce ya yi gyangyaɗi a ƙarƙashin askata, mutumin da ko a wa'azi ba ya runtsawa. Har yau ban san yadda na ƙarasa askin nan ban yanke shi ba.

Za ku ce me ya hana ni gaya masa. Abu biyu ne. Na farko, ubana da ya koya mini sana'a ya ja mini kunne cewa mugun abin da hannunka ya ji a kan mutum, ba shi ake gaya wa ba, danginsa ake nema a gaya wa. Haka muka taras, haka muke yi. Na biyu kuwa, Salifu, yayan Wahabu. Shi ma ciwon barci ne ya kama shi, likitocin Nasara suka tafi da shi sansaninsu, suka soka masa allura a ƙashin baya, suka yi ta yi masa wasu alluran har ya warke daga barcin, amma ya dawo makaho. Wahabu ne ya yi ta jan sandarsa har ya rasu. A kan tabarmata Wahabu ya rantse cewa ranar da aka nuna shi da yatsa da ciwon nan, zai tsallaka ƙasar Ingilishi ya mutu a daji da idonsa biyu. Kuma ni na san shi, in ya rantse ba ya janyewa. Da ma gudun, ba da wata ƙofa ɗaya zai tsara shi ba.

Da la'asar na je wurin Azara, tana tuyar ƙosai a ƙofar gida. Na jira har masu saye suka watse, na tsuguna na gaya mata. Ba ta ɗago kai daga kaskon ba.

"Na sani, Wanzam. Wata uku ke nan ina kallonsa. Shekaranjiya da lomar tuwo a hannunsa barci ya ɗauke shi."

"Maganinmu ba ya jin wannan ciwon. Ba zan yi miki ƙarya ba. Sai allurar Nasara."

"Ko da za ta ci masa ido?"

"Ko da ido. Wanda bai yi ba, kin ga inda muke kai shi."

Ta juya ƙosan da ya riga ya ƙone, ta ce, "An ce akwai shinge a gadar Kara."

Haka ne, akwai. Masu taɓa wuya muke ce musu. Duk motar da za ta haye gadar sai an sauke kowa, a shafa bayan wuyansa. Mai lafiya a buga masa takarda ya wuce, wanda aka ji ƙululu a wuyansa gardi, wato ɗan sandan Nasara, ya ja shi gefe. Motar gishirin da Wahabu ya zaɓa, ta nan take bi. Muka dubi juna ni da Azara, muka ga ba sai kowa ya ce komai ba. Mu dai mu yi shiru har a rufe lakwal, hanya ta kai shi da kanta. Na koma gida ranar nan har na iya cin abinci.

Juma'ar da ta zagayo, Wahabu ya zauna a tabarma ya zaro wata igiya daga aljihu, mai ƙulli goma sha ɗaya.

Na ce, "Ɗan madugu, wannan fa?"

"Hanya ce. Haka Baba yake yi, kowane ƙulli zango ɗaya. Na fasa mota. Ta Basari za mu bi, tsohuwar hanyar ayari, da jakuna, mu ɓulla Mango ta baya. Babu shinge ko ɗaya." Ya waiga ya ga ba kowa kusa, ya rage murya. "Kai kaɗai zan gaya wa, Wanzam. Azara tana da ƙululu a ƙarƙashin kunnen hagu. Na ji shi da hannuna. In mutanen nan suka taɓa ta, sun ɗauke ta. Ba zan ja sandar mutum biyu a rayuwata ba."

Na san ƙululun Azara, duk zango an san shi. Tun tana budurwa wani haƙori ya ruɓe ya bar mata shi, tauri gare shi kamar tsakuwa, bai ƙaru ba bai ragu ba. Na gaya masa haka. Ya ce ni wanzami ne, ba likita ba. Yana wannan maganar yatsana yana kan nasa, sun zama huɗu. Wallahi ji na yi kamar in ƙwala masa mari.

Daga nan muka shiga wahala. Saura mako biyar a rufe lakwal, kuma duk abin da Azara ta kawo don ya koma wa mota, sai Wahabu ya tafi ya dawo da maganinsa. Ta ce bayanta ba zai jure jaki ba, ya samo amuku, irin wanda ake ɗaukar Nasara a ciki, ya yi magana da mutum biyu da za su ɗauka. Ta ce koguna sun cika, ya zauna a bakin zango yana tare duk baƙon da ya sauko daga arewa yana tambayarsa ruwa ya kai ina, gwiwa ko ƙirji, har ya san sunan mai fito a kowane mashigi. Ta ce ba su san kowa a ƙasar Kwankwamba ba, ya aika da goro wurin jikan wani tsoho da ubansa ke sauka a gidansa, amsa ta dawo cewa ana maraba da su. Ni ma na sa baki, na ce kwana sha ɗaya zuwa, sha ɗaya dawowa, ina hutun yake? Ya ƙirga mini da yatsu cewa za a bar musu wata guda da kwana ashirin a kan dutse. Ban taɓa tsanar iyawar mutum ba kamar yadda na tsani tasa a makonnin nan.

Ya shanya kilishi, ya daka dakuwa. Ya sayi wani jan bargo mai kauri a kantin Kwara, Balaraben nan ɗan kasuwa, ya ratsa kasuwar Sokode da shi a kafaɗa ana zufa, mata suna yi masa guɗa. Ya sayi tsohuwar babbar rigar soja wurin wani da ya dawo daga bariki, ya ce ta Azara ce in iskar ta yi yawa.

Jikinsa kuwa yana tafiya. Fuskarsa ta kumbura. Yana susa kamar mai ƙaiƙayin ƙaya. Zazzaɓi ya zo kwana biyu ya tafi, sai ya ce aikin murhu ne. Sau biyu ya ƙona shinkafar Mushe, abin da bai taɓa yi ba. Ya fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ranar nan ya daka wa Azara tsawa a gaban mutane, sannan ya tsaya yana kallonta kamar bai san wanda ya yi tsawar ba. Ya zo yana kukan ciwon kai, na yi masa ƙaho sau biyu, ina yi ina sanin ƙarya nake yi.

Na yi tunanin in je in gaya wa likitan gari. Amma gardi ba sa shiga zango a ɓoye, tun daga bakin kasuwa za a hango jar hularsu, kafin su iso Wahabu ya haure katanga. Kuma wanzamin da ya aika gardi gidan mai askinsa, wa zai sake miƙa masa wuya? Na daina jin daɗin goro. Na yanki kunnen wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Matata ta tambaye ni ko wata nake nema. Kullum in na ga Wahabu ya nufo da igiyar nan yana murza ƙullin ɗaya bayan ɗaya, sai in ga kwana sha ɗaya a cikin kurmin da ya ba shi ciwon, da kusan wata biyu a kan dutsen da babu likita, in ga Azara ita kaɗai tana tashinsa ba ya tashi.

Aka rufe lakwal ranar Asabar. Wahabu ya sa ranar tashi Alhamis da asuba, wai ranar da ubansa ke tashi ke nan. Ranar Litinin da yamma Azara ta zo har gindin mangwaro, abin da mace ba ta yi, ta tsaya daga nesa har na je.

"Gobe motar gishiri za ta tashi. Zan shiga. Kai ka je ka gaya masa na shiga."

"Ba da izininsa ba? Azara, kin san abin da za a ce a zango."

"Su ce."

"In ya jawo ki ƙasa fa?"

"A gaban mutane? Ba ka san maigidana ba ashe."

"In bai biyo ba?"

Ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce, "Yana tsammanin za su kama ni. Ba zai bar ni in tsaya a gabansu ni kaɗai ba. In kuwa ya bar ni, to na san matsayina."

Da safe na same shi a gidan mai jakuna, ya ɗaga ƙafar wani jaki yana duban kofato. Na ce masa Azara tana kan motar gishiri da ƙunshinta. Ya saki ƙafar jakin ya kama gudu, gajeren mutum mai kumburin fuska, igiya tana lilo a hannunsa. Na bi shi da zabirata a kafaɗa.

Tana zaune a kan buhunan gishiri tsakanin wasu mata, jan bargon a ɗaure kan cinyarta. Mutane sun cika wurin. Wahabu ya tsaya a gindin motar, ya gyara hularsa, ya yi magana a hankali kamar mai tambayar farashi.

"Sauko."

"Bayana ba zai iya kwana sha ɗaya ba, Maigida. Ka taho da jakunanka, ka same ni a Dapango."

"Azara, akwai shinge."

"Na sani."

Direba ya fara murɗa inji. Wahabu ya dube ta, ya dubi mutane, ya dubi igiyar da ke hannunsa. Motar ta yi tari ta kama. Sai ya cusa igiyar a aljihu ya kama ƙarfe ya hau. Ni ma na hau, na ce ina da kaciya a Kara. Ƙarya ce, ban san kowa a Kara ba.

Duk hawan dutsen Alejo yana koya mata abin da za ta ce. Ta ce haƙori ne, ta buɗe baki ta nuna musu gurbin. Ya gyara mata gyale ya rufe kunnen, ya sake gyarawa. Ya ce in suka riƙe ta, shi zai je har wurin kumandan, babban Nasaran yankin, zai ce shi kukun Mushe ne. Sau biyu barci ya sace shi a tsakiyar magana, kansa ya faɗa a kafaɗarta. Ita kuwa ta zuba wa hanya ido, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Mun isa gadar bayan Azahar. Kogi ya cika, ruwansa ja. An gicciye itace a hanya, ga rumfa, ga gardi biyu da bindiga. Aka sauke mu, maza layi ɗaya, mata layi ɗaya, aka ce a cire hula da ɗankwali. Masu taɓa wuya su biyu ne, mutanen kudu, cikin kaki. Na kalli hannun wanda ke layinmu, na ga ya san aikinsa. Yatsu uku yake sawa, daga gindin kunne ya gangaro, ba ya sauri. Ya taɓa ni ya wuce.

Wahabu yana bayana, amma hankalinsa ba ya jikinsa, ya miƙa wuya yana leƙen layin mata. Aka zo kan Azara. Mutumin ya danna ƙarƙashin kunnenta, ya sake dannawa, ya yi mata tambaya. Ta buɗe baki ta nuna. Ya ɗaga kafaɗa, ya tura ta gaba, aka buga mata takarda. Na ji Wahabu ya sauke numfashi, ya ce "Alhamdu lillahi" har da 'yar dariya. Ya taɓo ni. "Ka gani, Wanzam, ashe da gaskiyarka. Haƙori ne."

Bai ma lura cewa yatsun mutumin sun daɗe a ƙeyarsa ba su matsa ba. Sai da mutumin ya zaro farin alli ya ja masa layi a ƙirjin riga, gardi ya dafa kafaɗarsa.

Wahabu ya kai hannu bayan wuyansa ya shafa. Na ga lokacin da ya ji su. Bai dubi fuskata ba, hannuwana ya duba, ya daɗe yana dubansu.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin igiya," na ce.

Ya waiga wajen daji. Ba nisa, ciyawa ta yi tsawo, kuma gardin ya riga ya juya yana magana da ɗan'uwansa. Na ga ƙafarsa ta motsa. A daidai nan Azara ta hau motar ta sauko da ƙunshinta, ta zo ta ajiye bargon a gabansa, ta tsaya kusa da shi a layin waɗanda aka ja wa alli. Takardar wucewa tana hannunta, direba yana kiranta. Ta naɗe takardar ta sa a bakin zani.

"In za ka gudu, Maigida, ka faɗa mini ta ina, in ɗauki kaya."

Bai gudu ba. Ya zauna a kan bargon ya rufe fuska da hularsa. Ni kuwa na dawo Sokode a ƙafa, kwana uku, ina kuka a hanya kamar wanda aka yi wa mutuwa, alhali abin da na nema ne na samu.

Wata bakwai ya yi a sansanin. Azara ta kafa kaskonta a bakin shingen wurin tana tuyar ƙosai har ya fito. Barcin ya sake shi. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama yana gani kamar ta cikin yadi. Mushe ya riga ya ɗauki wani kuku. Wahabu ya gina murhun laka a bayan gida ya fara gasa biredi yana sayarwa, da hannu yake gane kwaɓin ya tashi, da hanci yake gane ya gasu. Duk wanda ya ci biredi a zangon Sokode a shekarun nan, nasa ya ci.

Damina ta biyu bayan fitowarsa suka tafi Dapango, a mota, da takardarsa ta wanda ya warke. Azara ce ta ba ni labari. Dangin uwarta suka riƙe hannunsa suka hau dutsen da shi. Ranar an yi ruwa da safe, iska tana kaɗawa daga ƙasa. Ya zauna a bakin kogo ya lulluɓa da jan bargon, ita tana cikin rigar soja, ya ce ta gaya masa abin da ke ƙasa. Ta gaya masa gonakin dawa, da birai, da rumbunan laka, da inda ruwa ke zubowa. Ya daɗe yana saurare, haƙoransa suna haɗuwa. Sai ya ce, "In mun koma ki gaya wa Wanzam akwai sanyi a arewa." Kwana tara suka yi.

Ta gaya mini, amma shi bai zo ba. Shekara uku Wahabu yana wuce tabarmata ranar Juma'a da sandarsa, ya je wurin wani wanzami a bakin kasuwa, wanda ko wasa aska bai iya ba. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Abin ya ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Wasu ranakun in ce butulu ne, da ban da ni da tuni yana ƙarƙashin ƙasa. Wasu ranakun kuma in tuna Juma'a shida da na riƙe kansa yana ba ni amanar asirin matarsa, ni ina riƙe da nasa, sai in rasa abin cewa.

Wata Juma'a da hantsi ina wasa aska, na ji sanda ta tsaya a bakin tabarma. Ya cire takalmi, ya laluba ya zauna a inda ya saba zama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kan ya cika da tsage-tsagen wancan marar hannun. Na jiƙa kan, na shafa sabulu, na fara. Da na gama gaba, shi da kansa ya sunkuyar da kai ya ba ni ƙeya.

"Duba da kyau, Wanzam," ya ce. "In ka ji wani abu, wannan karon ni za ka gaya wa."